Maɓallan ECO da PWR: Abin da ya kamata direban Yola da Jimeta ya sani kafin ya danna

A cikin motoci da dama da ke kai da komo tsakanin garin Yola da Jimeta kowace safiya, akwai wasu ƙananan maɓallai kusa da sandar giya ko gefen sitiyari, waɗanda masu motocin ba su taɓa dannawa ba tun ranar da suka saye su. A jikin wani an rubuta ECO, wani ECON, wani PWR, wani kuma SPORT. A da, ba kowa ne ya damu da sanin aikinsu ba. Amma tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, lissafi ya sauya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a jihohin Arewa maso Gabas cikin 'yan kwanaki, kuma zuwa watan Oktoban 2024 ta zarce naira 1,000 a sassa da dama na ƙasar nan.

Jihar Adamawa tana cikin wuraren da suka fi jin wannan sauyi a jika. Man da ake sha a Yola tankoki ne ke ɗauko shi daga kudancin ƙasar, tafiyar da ta haura kilomita 1,000, kuma kuɗin dakon yana komawa kan mai saye. Ga kuma iyaka da Kamaru, wadda ta daɗe tana janyo fasa-ƙwaurin mai. A watan Yunin 2024, ɗaruruwan gidajen mai a Adamawa da Taraba sun rufe, bayan da dillalan mai masu zaman kansu suka shiga yajin aiki kan kame tankokinsu da jami'an Kwastam suka yi. A kwanakin, masu ababen hawa sun koma hannun 'yan bumburutu, kowa yana auna tafiyarsa da galan.

A irin wannan yanayi ne batun waɗannan maɓallai ya shiga hirar majalisu da garejojin kanikawa. Wasu na ganin ECO yana raba shan mai gida biyu. Wasu na cewa yana kashe wa injin ƙarfi har ya lalata shi. Akwai kuma masu ɗaukar PWR a matsayin maɓallin 'yan ganganci, wanda mai hankali ba ya taɓawa. Dukkan waɗannan maganganu sun kauce wa gaskiya. Babu maɓallin da ke ƙara wa injin girma ko ya rage masa. Abin da suke sauyawa shi ne yadda mota ke fassara umarnin ƙafar direba, kuma kowannensu yana da wurin da ya dace da shi.

Tsakanin ƙafar direba da injin

A tsofaffin motoci, irin su Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, waya ce ta ƙarfe ke haɗa totur da kafireta. Gwargwadon yadda direba ya taka, gwargwadon yadda ƙofar iska ke buɗewa, mai kuma ya biyo baya. Babu wani mai shiga tsakani.

Daga farkon shekarun 2000, yawancin kamfanonin ƙera motoci sun bar wannan tsari. Yanzu idan direba ya taka totur, wata 'yar na'ura ce ke auna zurfin takun, ta aika saƙo zuwa kwamfutar injin, wadda kanikawa ke kira ƙwaƙwalwar mota. Kwamfutar ce ke yanke shawarar yawan iskar da za ta shiga, da yawan man da za a fesa, da lokacin da filogi zai ba da wuta. A motar da ke canza giya da kanta, wato otomatik, kwamfuta ce kuma ke zaɓar lokacin hawa giya ta gaba ko dawowa ta baya.

Tunda kwamfuta ce a tsakiya, ana iya ba ta ƙa'idoji fiye da ɗaya, a bar wa direba zaɓi. Wannan zaɓin shi ne maɓallan. Misalinsu kamar linzami ne a bakin doki: ƙarfin dokin yana nan yadda yake, amma yadda mahayi ya riƙe linzamin shi ke nuna ko dokin zai yi takama ko zai yi sukuwa.

Abin da ECO ke yi

Kalmar ECO tana nufin tsimi. Kamfanin Honda yana rubuta ECON a kan wani koren maɓalli mai hoton ganye, wanda ake gani a Civic daga ƙirar 2012 da Accord daga ƙirar 2013. Hyundai yana kiran nasa Active ECO. Toyota kuwa ECO MODE yake rubutawa, kuma akwai shi a Prius da sababbin Camry da Corolla, har da Hilux daga ƙirar 2015. Sunaye sun bambanta, amma aikin kusan ɗaya ne, kuma ya kasu uku.

Na farko, yana sassauta amsar totur. Idan direba ya taka rabi, kwamfuta ba za ta buɗe ƙofar iska rabi nan take ba, sai ta buɗe ƙasa da haka, a hankali. Shi ya sa mota ke zama kamar mai jin kasala wajen tashi.

Na biyu, yana sa giya ta hau da wuri. Injin da ke juyawa sau 1,500 zuwa 2,000 a minti ɗaya ya fi wanda ke juyawa sau 3,500 tsimin mai, idan gudun motar ɗaya ne. ECO yana ƙoƙarin ajiye allurar agogon juyin injin a ƙasa.

Na uku, a motoci da yawa yana rage aikin na'urar sanyaya mota. Kwamfiresar na'urar daga injin take karɓar ƙarfi, don haka duk lokacin da ta huta, injin ya samu sauƙi.

A wasu motocin, musamman na Turai, akwai ƙari na huɗu: injin yana mutuwa da kansa idan aka tsaya cak, ya tashi da zarar an ɗaga ƙafa daga birki. Masu sayen irin waɗannan motoci sukan ɗauka matsala ce, har su garzaya wurin makaniki. Ba matsala ba ce, haka aka ƙera su. Sai dai suna buƙatar batir na musamman mai jure yawan tayarwa, kuma idan aka sa musu batir na gama-gari ba ya daɗewa.

Ya kamata a bambance maɓallin ECO da koriyar fitilar ECO da ke kunnuwa tana mutuwa a allon gaban direba. A motocin Toyota da dama, wannan fitila shaida ce kawai cewa a wannan lokacin direba yana tuƙi cikin tsimi. Da ya taka da ƙarfi sai ta ɗauke. A wasu motocin Honda masu silinda shida, irin su Pilot da Odyssey, fitilar tana kamawa ne a lokacin da injin ke tafiya cikin sauƙi, inda kwamfuta kan dakatar da wasu silindoji saboda ba a buƙatar su. A duka biyun, fitilar rahoto take bayarwa, ba umarni ba.

Abin da PWR da SPORT ke yi

PWR gajarta ce ta kalmar Ingilishi mai nufin ƙarfi. Aikinsa kishiyar na ECO ne. Taku kaɗan a totur yana buɗe ƙofar iska da yawa. Giya tana jinkirta hawa, ta bar injin ya yi juyi mai yawa kafin ta canza, kuma tana saurin dawowa baya da zarar direba ya nemi ƙarin gudu. A motocin da sitiyarinsu ke aiki da lantarki, SPORT yakan ƙara masa nauyi kaɗan domin motar ta fi zama a hannu.

A tsofaffin motocin Toyota da Lexus da suka cika kasuwar 'yan Kwatano, abin da aka rubuta shi ne ECT PWR. Wannan da giya kaɗai yake aiki: yana ɗaga lokacin canjinta. A Peugeot 406 otomatik harafin S ne kawai kusa da sandar giya.

Abin lura a nan shi ne, a yawancin motocin da talaka da ma'aikaci ke hawa, iyakar ƙarfin injin ɗaya ne ko a ECO ko a PWR. Idan direba ya take totur har ƙasa, kwamfuta tana fahimtar cewa akwai larura, sai ta sauko da giya ta saki ƙarfin gaba ɗaya. Bambancin yana wajen saurin amsawa. A PWR injin yana nan a shirye, a ECO kuwa sai ya ɗan yi jinkiri kafin ya taso. Wannan ɗan jinkirin ba komai ba ne a cikin gari, amma yana iya zama babban al'amari a kan babbar hanya.

Shin PWR yana shan mai? Yana sha, saboda injin yana daɗewa a juyi mai yawa, kuma motar tana zuga direba ya riƙa fizga. Shin yana lalata injin? A'a. Kwamfuta tana da iyakar juyin da ba za ta bari a ƙetare ba. Haka shi ma ECO ba ya lalata injin. Kamfanin da ya ƙera motar ne ya tsara su duka biyun.

A cikin gari

Tuƙin Jimeta tuƙi ne na tashi da tsayawa. Daga Jambutu zuwa babbar kasuwa, daga Doubeli zuwa Bekaji, ko a kan titin Atiku Abubakar da na Mohammed Mustapha da yamma, direba ba ya yin nisa bai taka birki ba. Tun bayan hana acaba a cikin birnin, Keke Napep ne ya zama abin hawan jama'a, kuma mai keke yana iya tsayawa a duk inda fasinja ya ɗaga hannu. Gadojin sama da aka gina a 'yan shekarun nan sun rage cunkoso a wasu mahaɗai, amma ba su sauya yanayin tuƙin cikin unguwanni da bakin kasuwa ba.

A irin wannan tuƙi, mafi yawan mai yana tafiya ne wajen tayar da mota daga tsaye. Duk lokacin da direba ya fizga sannan ya taka birki bayan mita 100, man da ya ƙona ya zama zafi a jikin birki, ya bi iska. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tuƙin fizga da birkin gaggawa yana rage nisan da mota ke yi da lita ɗaya da kashi 10 zuwa 40 cikin 100 a cunkoso, da kashi 15 zuwa 30 a kan babbar hanya.

Nan ne ECO ya fi amfani, domin yana tausasa fizgar da ƙafa ke yi ba da sanin mai ita ba. Amma akwai sharaɗi. Direban da ya ji motar ta yi nauyi, ya rama ta hanyar ƙara zurfin taku, ya rushe tsimin da hannunsa. Wanda kuma dama can ƙafarsa mai sauƙi ce, ba zai ga wani babban bambanci ba, saboda abin da maɓallin ke yi shi ne abin da ya saba yi.

Motoci masu haɗa injin fetur da batir, irin su Prius da Toyota ta fara sayarwa a Japan a 1997, su ne suka fi cin moriyar tuƙin cikin gari. Idan aka taka birki a hankali, suna mayar da wani ɓangare na ƙarfin tafiyar zuwa batir maimakon ya salwanta.

Zafin Yola da na'urar sanyi

Yola tana kwance a kwarin kogin Binuwai, kuma tana cikin garuruwan da suka fi zafi a Najeriya. A watannin Maris da Afrilu zafin rana kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Wannan ya sa batun na'urar sanyaya mota ya fi nauyi a nan fiye da Jos ko Gembu.

Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce a tsananin zafi, na'urar sanyi tana iya rage tsimin mai da fiye da kashi 25 cikin 100, musamman a gajeriyar tafiya. Ke nan wani kaso mai tsoka na tsimin da ECO ke kawowa daga rage sanyin ne yake fitowa. Direban da ya danna ECO da tsakar ranar Afrilu ya ji sanyin ya ragu, kada ya yi saurin zargin gas ya ƙare. Ya kashe maɓallin tukuna ya gani.

A nan sai an auna. Idan akwai jariri, ko tsoho, ko mara lafiya da ake kaiwa asibiti, lafiyarsu ta fi 'yan nairorin da za a tsimanta. Akwai kuma hanyoyin rage wa na'urar wahala ba tare da an gallaza wa kowa ba. A ajiye mota a inuwar darbejiya idan an samu. Kafin a kunna sanyi, a sauke gilasai na minti ɗaya ko biyu ana tafiya, iska mai zafi ta fita. Bayan an rufe, a danna maɓallin da ke juya iskar cikin mota, domin sanyaya iskar da ta riga ta yi sanyi ya fi sauƙi a kan jawo ta waje. A ƙaramin gudu da safe ko bayan magariba, sauke gilashi ya fi arha. A babban gudu kuwa, buɗaɗɗen gilashi yana ƙara wa mota turjiyar iska.

A kan babbar hanya

Da zarar an haye gadar Jimeta an nufi Girei da Song da Gombi da Hong zuwa Mubi, ko an kama hanyar Ngurore zuwa Numan, lissafin yana sauyawa. Motar da ke tafiya a gudu ɗaya ba tashi ba sauka, tana giyarta ta ƙarshe, ƙarfin da take buƙata ɗaya ne ko wane maɓalli aka danna. Don haka ECO ba ya tsinana abin a zo a gani a nan, ban da ɗan abin da yake ragewa daga na'urar sanyi.

Abin da ke cin mai a babbar hanya shi ne gudu. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa take yi. Idan aka tashi daga kilomita 80 a awa zuwa 120, gudu ya ƙaru da rabi, amma turjiyar iska ta ninka fiye da sau biyu. A tafiyar kilomita 60, kwatankwacin nisan Jimeta zuwa Numan, mai gudun 80 zai isa cikin minti 45, mai gudun 120 cikin minti 30. Minti 15 ke nan aka saya da ƙarin mai da kuma kasada da rai. Ƙa'idar hanya da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke aiki da ita ta kayyade wa motocin gida kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a manyan hanyoyi, 100 a tagwayen hanyoyi.

To, ina amfanin PWR? Babban amfaninsa shi ne wajen wuce wata mota. Yawancin hanyoyin da suka fita daga Yola falle ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa suna fuskantar juna, kuma cike suke da tireloli masu ɗauke da shanu da hatsi da siminti, da tankokin mai. A ɗauka tirela tana tafiya a kilomita 60 a awa, direba yana son wuce ta a 80. Idan aka haɗa tsawon tirelar da tazarar da ake bari a baya da gaba, sai ya ci mata kimanin mita 60. Hakan zai ɗauke shi wajen daƙiƙa 11, kuma a cikinsu zai shafe kusan mita 240 a hannun da ba nasa ba. Idan akwai mota tana tahowa a gudun 80, ita ma za ta ci wasu mita 240. Ke nan yana buƙatar ganin fili na kusan rabin kilomita. Kowace daƙiƙa ɗaya ta jinkiri, tazarar da ke tsakaninsa da mai tahowa tana raguwa da mita 44.

Wannan shi ne dalilin da ya sa bai dace a fita wuce tirela a cikin ECO ba, musamman idan mota cike take da mutane da kaya. Hikima ita ce a kashe shi, ko a danna PWR, tun ana bayan tirelar, a jira fili ya samu, a wuce, sannan a mayar da maɓallin inda yake. Man da aka ƙona a waɗannan daƙiƙoƙi bai kai cikin kofin shayi ba. Sai dai PWR ba ya mayar da kwana ta zama miƙaƙƙiyar hanya, kuma ba ya nuna abin da ke bayan tudu. Inda ido bai ga fili ba, haƙuri ne magani.

Amfani na biyu shi ne hawan tudu da ɗaukar kaya masu nauyi. A hanyoyin da ke ratsa duwatsu a yankin Mubi da Michika, ko a hawan tsaunin Mambila a maƙwabciyar jihar Taraba, motar da ke ECO takan riƙa hawa giya tana sauka ba ƙaƙƙautawa, abin da ke ɗumama man giya. PWR yana riƙe giya ɗaya har a gama hawan. Wajen gangarowa kuwa, ƙaramar giya ce abokiyar tafiya, wato L ko 2, ko B a motoci masu batir, domin injin ya taya birki riƙe motar. Dogaro da birki kaɗai a doguwar gangara yana sa ya yi zafi har ya daina kamawa.

Maɓallan da ake rikitawa da su

Akwai O/D OFF a jikin sandar giyar tsofaffin motocin Japan. Idan wannan rubutu ya kama a allo, ma'anarsa an hana motar shiga giyarta ta ƙarshe. Yana da amfani a hawan tudu ko jan kaya. Amma wanda ya taɓa shi bisa kuskure ya tafi Gombe a haka, injin zai yi ta kuka yana shan mai a banza tsawon tafiyar.

Akwai SNOW, ko hoton ƙanƙara, ko 2nd STRT, a motocin da aka ƙera domin ƙasashe masu sanyi. Yana sa mota ta tashi a hankali, sau da yawa daga giya ta biyu, don kada taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Dusar ƙanƙara ba ta sauka a Adamawa, amma yana iya taimakawa wajen tashi a laka mai santsi da damina. Bayan an fita sai a kashe shi.

Akwai kuma 4H da 4L a motoci irin su Hilux. Waɗannan ba maɓallan ƙarin gudu ba ne, suna raba ƙarfi ne zuwa tayoyi huɗu domin yashi da laka. A irin Hilux, tafiya da su a kan busasshiyar kwalta tana ƙara shan mai, tana kuma wahalar da kayan ƙarƙashin mota.

Abubuwan da suka fi maɓalli tasiri

Motar da ba ta da lafiya, ECO ba zai yi mata magani ba. Wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejoji ita ce cire tamostat, wato 'yar na'urar da ke tsare ruwan lagireto har injin ya kai zafin aikinsa, tare da haɗa fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa. Hujjar ita ce ƙasarmu akwai zafi. Amma injin zamani an ƙera shi ne ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90. Idan bai kai ba, kwamfuta tana ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, sai ta ci gaba da ƙara mai. Idan mota tana zafi fiye da kima, abin dubawa shi ne lagireto da murfinsa da famfon ruwa da fanka.

Haka nan na'urar da ke auna iskar da ke fita ta salansa. Ita ce ke gaya wa kwamfuta ko man ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Idan ta mutu, fitilar gargaɗin injin takan kama, shan mai ya ƙaru. Rufe fitilar da baƙin salatif ba ya gyara komai.

Iskar taya ma tana da nata rabon. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, ba abin da mai faci ya kintata da bugun ƙarfe ba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Kowane ƙarin kilo 45 na kaya yana rage tsimi da kusan kashi 1 cikin 100, kayan da aka ɗaure a saman mota kuwa sun fi haka illa saboda iska. Barin injin yana aiki a tsaye, a layin gidan mai ko a ƙofar makaranta, yana cin lita 1 zuwa 2 a awa. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska. A motar zamani hakan ya fi rage ƙarfi a kan ƙara shan mai, amma raguwar ƙarfin kanta haɗari ce wajen wuce tirela.

Yadda direba zai gwada da kansa

A ɗauki misalin ma'aikacin da ke zaune a garin Yola yana aiki a Jimeta, yana yin kilomita 30 a rana, kwana 22 a wata. Kilomita 660 ke nan. Idan motarsa tana shan lita 12 a kowane kilomita 100, yana buƙatar kimanin lita 80. Domin sauƙin lissafi, a sa lita a naira 1,000: naira 80,000 a wata. Idan maɓalli ya rage masa kashi 5 cikin 100, ya tsira da naira 4,000. Idan kuma gyaran tuƙi da gyaran mota suka rage kashi 20, naira 16,000 ce ta dawo aljihu, kusan naira 200,000 a shekara. Waɗannan alƙaluma misali ne, na kowace mota daban ne, kuma hanyar sanin su ɗaya ce: aunawa.

Direba ya cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ya mayar da ƙaramin maleji zuwa sifiri, ya yi zirga-zirgarsa ta mako ɗaya ba tare da ECO ba. Ya koma famfon da ya sha a farko ya sake cikawa, ya rubuta litocin da suka shiga, ya raba kilomitocin da ya yi da su. A mako na biyu ya maimaita da ECO a kunne, a kan hanyoyin da ya bi a baya. Dogaro da allurar tanki ko da kuɗin da aka bayar ba ya ba da amsa, domin allura ba ta sauka daidai, farashi kuma yana sauyawa.

Masu motocin da ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan maɓallai, da direbobin manuwal, da masu Keke Napep, ba a bar su a baya ba. Duk abin da ECO ke yi, ƙafa da hannu suna iya yin sa: tashi a hankali, hawa giya da wuri, hango tsayawa tun daga nesa a saki totur. Abin da PWR ke yi kuma shi ne abin da tsofaffin direbobin tasha suka daɗe da sani, wato a sauko da giya kafin a fita wuce babbar mota.

A taƙaice, ECO na cikin gari ne da cunkoso, PWR na ɗan lokaci ne a wajen wuce mota da hawan tudu da ɗaukar nauyi, tsarin da mota ke tashi da shi kuma ya wadatar a sauran tafiye-tafiye. Wanda ya sayi motar hannu ba tare da littafinta ba, yana iya samun littafin a shafin intanet na kamfanin da ya ƙera ta, ya duba abin da kowane maɓalli ke yi a irin tasa, domin akan samu ɗan bambanci daga ƙira zuwa ƙira.